Tambayoyi da Amsoshi Kan Sandar Fatsa, Ril da Sauran Kayan Kamun Kifi a Kogi da Tafki

Waɗannan tambayoyi ne da masu fatsa a kogi, tafki da madatsar ruwa ke yawan maimaitawa. An fara da na zaɓen kaya, aka gangaro kan haɗa su, sannan matsaloli da gyara. Inda wata amsa ta dogara da wata, an ba da lambarta.

1. Me zan fara saya idan ban taɓa fatsa da ril ba?

Sanda ɗaya mai tsawon mita 1.8 zuwa 2.1, wato ƙafa 6 zuwa 7, mai matsakaicin ƙarfi. Ril, wato injin da ke naɗe zare yana sakinsa, nau'in sifinin mai lamba 2500 ko 3000 (duba tambaya ta 6). Zaren nailan mai ɗaukar nauyin laba 8 zuwa 10 kafin ya tsinke. Sai ƙananan kaya: ƙugiyoyi girma uku, dalma, manuni mai yawo a saman ruwa wanda ke nutsewa idan kifi ya ja koto, majuyi mai hana zare murɗewa, filaya mai dogon baki, da abin yanke farce don datse zare. Wannan haɗin ya isa karfasa, ƙurungu da tarwaɗa mai kilo biyu ko uku.

Dacewar kayan da junansu ta fi sunan kamfanin da ke jikinsu muhimmanci. Zare mai laba 30 a kan siririyar sanda zai karya sandar tun bai tsinke ba. Ƙaton ril a kan gajeriyar sanda kuwa wuyan hannu zai gajiyar kafin rana ta take.

2. Mene ne ma'anar rubutun da ke jikin sanda?

Sama da mariƙi kaɗan akan ga layi irin wannan: 7'0" M, 6-12 lb, 1/4-5/8 oz. Na farko tsawo ne, ƙafa 7. Harafin M na nufin matsakaicin ƙarfi, a jerin da ya tashi daga UL, mafi laushi, ya bi ta L, ML, M, MH har zuwa H. Na uku ƙarfin zaren da ya dace da ita ne, laba 6 zuwa 12, kimanin kilo 2.7 zuwa 5.4. Na ƙarshe nauyin da take iya jefawa ne. Oza ɗaya giram 28 ce, saboda haka wannan sandar ta giram 7 zuwa 18 ce.

A lissafin nauyi a haɗa da dalma da koto duka. Idan bai kai ƙasan adadin ba, sandar ba za ta lanƙwasa ta harba shi nesa ba. Idan ya zarce da yawa, tana iya karyewa a tsakiyar jifa. Kuma babu ma'auni ɗaya da ya ɗaure kamfanoni kan haruffan nan: M ɗin wani shi ne MH ɗin wani. Adadin giram ya fi harafi abin dogaro.

3. Sanduna biyu duk M ne, amma ɗaya ta fi lanƙwasa. Me ya sa?

Ƙarfi daban, wurin lanƙwasa daban. Ƙarfi shi ne yawan jan da ake bukata kafin sanda ta rusuna. Wurin lanƙwasa kuwa, wata daga kashi ɗaya cikin uku na sama kawai take rusunawa, wata daga rabi, wata har kusa da mariƙi. Ta farko tana isar da motsin kifi zuwa hannu da sauri, tana kafa ƙugiya a bakin kifi mai tauri. Mai rusunawa daga rabi ta fi dacewa da koto mai laushi irin su tana, don ba ta fizge shi daga ƙugiya lokacin jifa, kuma tana shanye fizgar kifi ba ta yage masa leɓe. Mai koyo ya ɗauki ta tsakiyar.

4. Sandar da aka yi da faiba ko wadda aka yi da kabon?

Sandar faiba ta shigo kasuwa a ƙarshen shekarun 1940. Tana da nauyi, ba ta isar da ƙaramin motsi sosai, amma tana jure buguwa da wulaƙanci. Kabon ya biyo baya a farkon shekarun 1970, kamfanin Fenwick na Amurka na cikin waɗanda suka fara fito da shi a 1973. Ba shi da nauyi, kuma ko taɓa koto kifi ya yi za ka ji a tafin hannu. Rauninsa shi ne ƙaramar buguwa a kan dutse na iya barin tsaga da ido ba ya gani, sai wata rana sandar ta karye a daidai wurin. Akwai kuma gaurayen biyun, irin Ugly Stik da kamfanin Shakespeare ya fitar a 1976. Wanda zai riƙa kutsawa cikin ciyayi da duwatsu, ko zai bai wa yara aro, gauraye ko faiba ya fi masa.

Kabon yana ɗaukar wutar lantarki. A duba sama kafin a ɗaga doguwar sanda kusa da wayoyin wuta, domin daga babbar waya wuta kan yi tsalle ko ba a taɓa ta ba. Da an ji tsawa a kwantar da sanda a bar bakin ruwa.

5. Gaɓa ɗaya, gaɓa biyu, ko mai zugewa?

Mai gaɓa biyu ta wadatar, tana shiga mota, kuma bambancinta da mai gaɓa ɗaya bai taka kara ya karya ba. Mai zugewa tana da daɗin ɗauka, sai dai yashi na shiga tsakanin gaɓoɓinta ya ci su, zobbanta da zare ke bi ta ciki kuma sukan karkace. A buɗe ta daga tsini zuwa gindi, a rufe daga gindi zuwa tsini.

6. Wane irin ril ya fi, kuma me lambobinsa ke nufi?

Sifinin yana rataye a ƙarƙashin sanda, kwarkwaronsa, wato inda zare ke naɗe, ba ya juyawa lokacin jifa, zare ne ke zubowa daga bakinsa. Shi ya sa yake jefa abu marar nauyi kuma ba ya cika cukurkuɗewa. Mitchell 300 na Faransa, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1940, na cikin waɗanda suka yaɗa shi a duniya. Betkasta yana zaune a saman sanda, kwarkwaronsa na juyawa. Ya fi daidaita jifa da jan kaya masu nauyi, amma sai an koya (duba tambaya ta 14). Akwai mai rufaffiyar fuska da maɓalli, irin Zebco 33, mai kyau ga yara, amma ba ya ɗaukar zare da yawa. Kowane ril da irin sandarsa: ta sifinin tana da babban zobe na farko, ta betkasta ƙananan zobba ne da ɗan ƙaho na saƙala yatsa.

Lamba 1000 ta ƙananan kifaye ce, 2500 zuwa 3000 ta aikin yau da kullum, 4000 zuwa 6000 ta manyan tarwaɗa da giwan ruwa. Rubutu irin 5.2:1 na nufin idan ka juya hannun ril sau ɗaya, kan ril zai zagaya kwarkwaro sau 5.2. Mai 6.2:1 ya fi sauri, mai 5.2:1 ya fi sauƙin murzawa idan akwai nauyi. Kada yawan boris da aka buga a kwali ya ruɗe ka. Boris huɗu ko biyar masu inganci sun fi goma sha biyu na banza. Abin dubawa shi ne ko hannu na girgiɗi, da ko birki (tambaya ta 9) na sakin zare sumul ba tare da tsalle-tsalle ba.

7. Nailan, fuloro ko kitsattsen zare?

Nailan yana miƙewa, wani har kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa kafin ya tsinke. Wannan miƙewar ce ke rufa wa mai koyo asiri idan kifi ya yi fizgar bazata. Yana riƙe ƙulli da kyau. Rana tana cin sa, yana shan ruwa, kuma idan ya daɗe a kwarkwaro yakan fito a nannaɗe.

Fuloro, wanda kamfanin Kureha na Japan ya fara yi don fatsa a 1971, yana nutsewa, yana jure gogar dutse, kuma bai cika bayyana a ruwa ba, domin ma'aunin karkatar da haskensa 1.42 ne, na ruwa 1.33, na nailan ya haura 1.5. Yana da tauri, ba ya son zama a ƙaramin kwarkwaro, shi ya sa aka fi amfani da shi a matsayin zaren gaba, wato guntun da ake ɗaura wa ƙugiya (tambaya ta 12). A ruwa mai laka, inda kifi ke bin wari, ɓoyuwar tasa ba ta ƙara komai.

Kitsattsen zare ana kitsa shi ne da siraran silili huɗu ko takwas na roba mai ƙarfi irin Dyneema ko Spectra. Kusan ba ya miƙewa, ya fi nailan siranta nesa ba kusa ba a ƙarfi ɗaya, yana jifa mai nisa, yana shekaru. Amma kaifin dutse na yanka shi nan take, yana da santsi a ƙulli, kuma yana yanka yatsa idan aka ja shi da hannu tsirara.

8. Yaya ake cika kwarkwaro daidai?

Zura zaren ta zoben farko na sanda, buɗe bakan wayar ril, wato lanƙwasasshiyar wayar da ke jera zare a kwarkwaro, ɗaure zaren a kwarkwaro, rufe bakan. Kwantar da faifan sabon zaren a ƙasa. Matse zaren da jiƙaƙƙen tsumma tsakanin yatsu, ka naɗa sau goma sha biyar, sannan ka sassauta ka duba. Idan ya murɗe yana naɗe kansa, kifa faifan ta ɗaya fuskar ka ci gaba. Tsaya idan ya rage milimita 2 zuwa 3 zaren ya kai leɓen kwarkwaro. Ƙasa da haka jifa ba ta nisa, sama da haka zare zai riƙa zubowa a dunƙule.

Kitsattsen zare ba ya kama ƙarfe. A fara naɗa 'yan mitoci na nailan ko a liƙa tef a kwarkwaro, sannan a ɗora shi. In ba haka ba, zaren gaba ɗaya zai riƙa zamewa yana juyawa, mutum ya ɗauka birki ne ya lalace.

9. Yaya ake saita birki?

Birki shi ne marfin da ake murzawa a gaban kwarkwaro, ko tauraron da ke kusa da hannun betkasta. Aikinsa ya saki zare kafin ya tsinke. A saita shi ya fara saki a kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zare. Ga zare mai laba 12, wato kilo 5.4, birki ya saki a kilo 1.4 zuwa 1.8. Ana aunawa da sikeli mai ƙugiya: zura zaren ta zobba duka, ɗaure a sikelin, wani ya riƙe, kai kuma ka ɗaga sanda har zare ya fara fita.

Abu biyu kan ci mutane a nan. Idan babban kifi ya kwashi zare da yawa, kwarkwaro ya rame, ƙarfin birki na ƙaruwa da kansa, don haka sassautawa ake yi a lokacin, ƙara matsewa tsinke zare ne. Na biyu, muddin birki na kuka kada a juya hannu, domin kowane juyi murɗa yake zuba wa zare (tambaya ta 13). A ɗaga sanda a jawo kifin, a sauke ta ana naɗewa.

10. Wane ƙulli zan koya?

Uku sun isa. Palomar: ninka zare kamar santimita 15, zura ninkin ta idon ƙugiya, yi ƙulli na yau da kullum sako-sako da ninkin, zura ƙugiyar gaba ɗaya ta madaukin, ka ja. Yana riƙe kowane irin zare. Kilinc: zura zare ta ido, naɗa bakin a jikin zaren sau 5 zuwa 7, mayar da shi ta ƙaramar kafar da ke kusa da ido, sannan ta babban madaukin da ya samu. Na nailan da fuloro ne, yana zamewa a kitsattsen zare. Yuni biyu kuma na haɗa zare da zare ne: naɗi 4 ko 5 a ɓangaren nailan, 8 a ɓangaren kitsattse.

A jiƙa ƙulli kafin a matse shi, a ja a hankali. Busasshen ƙulli na yin zafi wajen matsewa ya raunana zaren. A bar milimita 2 ko 3 na baki bayan an datse.

11. Me ya sa ƙugiya mai lamba 10 ta fi mai lamba 2 ƙanƙanta?

Haka lissafin yake: daga manyan lambobi zuwa 1, lamba na raguwa ƙugiya na girma. Bayan 1 sai 1/0, 2/0, 3/0, a nan kuma lamba na hawa ƙugiya na girma. Karfasa 8 zuwa 12, ƙurungu da matsakaiciyar tarwaɗa 4 zuwa 1/0, manyan tarwaɗa da giwan ruwa 3/0 zuwa sama. Idan koto na ƙarewa kifi ba ya kamuwa, a rage girman ƙugiya kafin a zargi komai. Tsininta kuma ya zama a fili, kada koto ya binne shi.

Gwajin kaifi: ja tsinin a hankali a kan farce. Idan ya kama, da kaifi. Idan ya zame, a wasa shi da ƙaramar magagari ko a canza. Ƙugiya mai zagaye, wadda tsininta ya kalli jikinta, ba a fizga mata. Naɗe zare kawai ake yi har ya miƙe, ita za ta kama gefen baki da kanta.

12. Yaya ake jera dalma, majuyi da zaren gaba?

Don kifin ƙasa irin tarwaɗa: zura dalma mai rami a babban zare, sai ɗan dutsen roba mai kare ƙulli, sai majuyi, sai zaren gaba santimita 30 zuwa 50, sai ƙugiya. Kifi zai ja zare ya wuce ta cikin dalmar bai ji nauyi ba. A tafki giram 10 zuwa 20 ya isa. A ruwa mai gudu a ƙara har ta zauna, amma kada a wuce iyakar sanda (tambaya ta 2). Don fatsa da manuni, a matsa ƙananan dalma a zare har sai kan manunin kaɗai ke leƙowa.

Zaren gaba ya ɗan gaza babban zare ƙarfi, don idan an maƙale ƙugiya kaɗai za a rasa. Banda wurin kifi mai haƙora irin tsage, wanda sai da waya santimita 15 zuwa 30. Dalma guba ce: kada a matse ta da haƙori, a yi da filaya. Tana kashe tsuntsayen ruwa da ke haɗiye ta, dalilin da ya sa tun 1987 aka hana masu fatsa a Ingila da Wales amfani da dalma mai nauyin tsakanin giram 0.06 da 28.35. Akwai madadinta na ƙarfe, kuza da tangistin.

13. Zarena na murɗewa yana ƙulle kansa. Ina matsalar?

Ɗaya daga cikin huɗu: an naɗa shi a juye tun farko (tambaya ta 8), ana juya hannu birki na saki (tambaya ta 9), koto na wulwulawa a ruwa babu majuyi, ko rolar da zare ke bi a jikin bakan waya ta daskare. Magani: cire komai daga bakin zare, saki mita 40 ko 50 a ruwa mai gudu ko a bayan jirgi na 'yan mintuna, ka naɗe shi a matse tsakanin yatsu. Daga nan ka saba rufe bakan da hannu bayan jifa, ka ɗan ja zaren ya miƙe kafin ka fara naɗi.

14. Betkasta na cukurkuɗe min zare a kowace jifa.

Kwarkwaro ne ke gudu fiye da yadda zare ke fita, sai zaren ya tashi kamar gashin da ya kwana ba a taje ba. Ɗaura abin da za ka jefa, danna maɓalli, ka murza ɗan marfin da ke gefen hannu har abin ya riƙa sauka a hankali, kwarkwaro ya tsaya da ya taɓa ƙasa. Sa birkin jifa, na maganaɗisu ne ko na fil, sama da rabi. Babban yatsa ya tsayar da kwarkwaro daidai lokacin da koto zai faɗa ruwa. A koya da nailan mai laba 12 zuwa 15 da nauyin giram 14 ko fiye, kuma kada a fuskanci iska.

15. Zare na tsinkewa ko da kifin ba babba ba ne.

Dubi bakin da ya tsinke. Idan ya nannaɗe, ƙulli ne ya zame. Idan ya yi kaushi, goga ce ta dutse ko itace, shi ya sa ake shafa mita biyun ƙarshe da yatsu bayan kowane kifi, a yanke abin da ya karce. Idan kuwa yana tsinkewa a wurare daban-daban, zargi zobba. Zagaya 'yar auduga a cikin kowane zobe, musamman na tsini. Inda ta bar gashi, tangaran ɗin ciki ya tsage yana yankan zare. Nailan da ya dushe ko yake tsinkewa da jan hannu ya mutu, a canza shi aƙalla sau ɗaya a shekara. Tsohon zare a daddatse shi a zuba a shara, don yana ɗaure ƙafafun tsuntsaye.

16. Me ke karya sanda, kuma me ke gyaruwa?

Kifi ba safai yake karya sanda ba. Ƙofar mota ce, takawa, da miƙar da sanda tsaye lokacin da kifi ya iso ƙafa, inda nauyi duka ke komawa kan siririn tsini. A riƙe ta a karkace, a ɗebo kifin da koma, kada a ɗaga shi sama da sanda. Idan ƙugiya ta maƙale, a miƙe sanda ta kalli wurin, a dafe kwarkwaro, a ja da baya, fuska a kawar gefe don dalma kan dawo da gudu.

Idan 'yan santimita ne suka karye a tsini, a ɗan gasa zoben da laita na daƙiƙa biyu ko uku, a zare shi da filaya, a liƙa wanda ya dace da sabon bakin da gam mai narkewa, a daidaita shi da sauran zobba kafin ya huce. Gaɓar da ta ƙi rabuwa: riƙe sandar a bayan gwiwoyi, hannu ɗaya a kowane gefen mahaɗa, ka buɗa ƙafafu. Kada a kama zobba a murɗa. Shafa ɗan kyandir a mahaɗa na hana maƙalewa da sakwarkwacewa.

17. Yaya ake kula da ril?

Bayan kowace fita: matse birki, goge da jiƙaƙƙen tsumma ko yayyafi marar ƙarfi, bar shi ya bushe a inuwa, sannan sassauta birkin gaba ɗaya. Birkin da aka ajiye a matse, wososhinsa na lotsewa ya fara tsalle. Ruwa mai ƙarfi kuwa tura yashi ciki yake yi.

Bayan 'yan fita, ɗigo ɗaya na man ril a rolar zare, a mahaɗan bakan waya, a ƙullin hannu da sandar da kwarkwaro ke hawa. Sau ɗaya a shekara a buɗe ciki. A ɗauki hoto a kowane mataki, a jera sassa bi da bi a kan farin ƙyalle. Giris na haƙoran giya ne, shafi kaɗan. Mai na boris ne. Boris ɗin da ke hana hannu komawa baya ba a sa masa giris, in an sa zai riƙa zamewa. Fetur na cin roba, man feshi na WD-40 kuma narkar da giris yake yi, ba ya maye gurbinsa. Ril ɗin da ya nutse a ruwa mai laka ko ya faɗi a yashi, kada a juya hannunsa ko sau ɗaya kafin a buɗe a wanke.

18. Ina ya kamata in ajiye kayan?

Sanda a tsaye a maratayi ko a kwance da abin tallafe a wurare da yawa. Wadda aka jingina a bango ta yi watanni takan tanƙware. Kada a bar kaya a rufaffiyar mota cikin rana, zafi na lalata zare da gam. Ƙugiya a saƙala ta a ƙafar zobe ko ɗan madaukin da ke kusa da mariƙi, ba a cikin tangaran ba. Akwatin kaya a bar shi a buɗe ya kwana bayan fita, domin jiƙaƙƙiyar ƙugiya ɗaya na sa wa sauran tsatsa. Koton roba mai laushi ya zauna a ledarsa ta asali, wasu nau'o'in na narkewa idan sun haɗu da juna ko da robar akwati.

19. Dole ne in wanke kaya idan zan koma wani ruwan?

Ƙwarai. Guntun ciyawar ruwa, ƙwan katantanwa da cututtukan kifi na bin koma, takalmi da jiƙaƙƙen zare daga wannan ruwa zuwa wancan. A cire laka da ciyawa tun a bakin ruwan da aka baro, a wanke, da ruwan zafi in da hali, a shanya har ya bushe ƙarau, aƙalla awa 48. Ragowar koto mai rai da ruwan bokitinsa ba a juye su a wani ruwa daban.